Kafin ka rubuta "jami'a za ta ɗauki nauyin sauran"

Na daɗe ina aiki a sashen kuɗin bincike na jami'armu, kuma babu jimlar da ke tayar mini da hankali kamar wannan. Malami kan rubuta ta a takardar neman tallafi don ya burge masu ba da kuɗi. Mu kuwa a ofis mun san bashi ya ciyo da sunan jami'a.

Da farko, karanta sanarwar tallafin ka ga ko an ma nemi gudummawar jami'a. Hukumar UKRI, mai ba da tallafin bincike a Birtaniya, takan biya jami'o'in ƙasarta kashi 80 cikin 100 na cikakken kuɗin aiki, su cika 20. Wannan dole ne. Amma hukumar NSF, mai tallafa wa binciken kimiyya a Amurka, tun 2011 ta hana mai nema ya ƙara gudummawar da ba a tambaye shi ba. Idan ba a nema ba, ka yi shiru. Za ka iya bayyana ɗakin gwaji da na'urorin da kuke da su, amma kada ka liƙa musu farashi, don da zarar ka sa adadi ya zama alkawari.

Idan an nema, zauna da akanta kafin ka taɓa kasafin. Lokacinka ma kuɗi ne. Wani malaminmu ya taɓa rubuta cewa zai ba aikin kwana ɗaya a kowane mako kyauta. Zuciyarsa ɗaya, kuma ya yi aikin, ni shaida ne. Da masu binciken kuɗi suka zo, takardar lissafin lokaci suka tambaya mai sa hannun wata-wata. Babu. Mun kwashe makonni muna tono jadawalin darussa da takardun albashi, har yau abin na yi mini ciwo.

Dokar tallafin gwamnatin Amurka, wadda ke bin kuɗin har zuwa kanmu idan muna aiki ƙarƙashin wata jami'arsu, ta ce gudummawa sai an iya tabbatar da ita a rubuce, kuma ba a ƙirga abu ɗaya a tallafi biyu. Janareton da ka lissafa wa aikin bara, kada ka sake kawo shi bana. Haka kuma ba a cike gurbin gudummawar da kuɗin wani tallafin gwamnatin Amurka.

Dizal da wuta su ne suka fi cin mu a nan, ga shi hukumar NIH, mai tallafa wa binciken lafiya a Amurka, kashi 8 cikin 100 kawai take ba cibiyoyin ƙasashen waje na hidimar gudanarwa. Don haka ka san daga wane asusu gudummawar za ta fito, ka karɓi wasiƙa mai sa hannun bursa da shugaban jami'a, a rubuta adadi da shekara. "Ba komai, Malam, za a yi" a bakin ofis ba ta wadatar, shugabanni suna sauyawa.

Ranar da kuɗi suka shigo, buɗe fayil na daban don gudummawar, ka fara jefa rasit a ciki tun watan farko.