Yadda ake bin diddigin mazaɓar majalisar dattawa da aka riga aka soke

In kana so ka haɗa tarihin wata mazaɓar majalisar sama wadda yanzu babu ita, kar ka fara da sunayen wakilai, a nan mutane ke ruɗewa. Fara da dokar da ta kafa ta da wadda ta soke ta, shekaru biyun nan su ne katangar aikinka, sauran duk a tsakiyarsu za ka zuba.

Bari mu ɗauki jihar Biktoriya ta Ostareliya tunda su nasu komai a rubuce yake. Majalisarsu ta sama ta fara zama da larduna 6, wato mazaɓunta, a 1856, kowanne da mutum 5, aka yi ta yanka ana ƙari har suka kai larduna 22 masu kujera bibbiyu, wato mutum 44. Dokar garambawul ta 2003 zamanin gwamnatin Steve Bracks ita ta yi waje da tsarin baki ɗaya, daga zaɓen Nuwamba 2006 aka koma manyan yankuna 8 da wakilai biyar-biyar. To ka ga duk lardin da ya kai ƙarshe, 2006 ce shekarar rufe shi.

Daga nan sai taswira. Suna ɗaya ba ya nufin ƙasa ɗaya fa, ana iya cire unguwanni a ƙara wasu sunan bai motsa ba, dan haka duk lokacin da aka sake shata iyaka ka rubuta shekarar daban, ka nemo a gazet ɗin gwamnati ko rahoton hukumar shata iyakoki.

Yanzu ga inda aikin yake da ɗan cin rai. A zamanin larduna 22 ɗin nan, lardi ɗaya kujera biyu, kuma ba rana ɗaya ake zaɓensu ba, wannan zaɓen a cike ɗaya, zaɓe na gaba a cike ɗayar. In ka jero sunayen a layi guda za ka ga kamar wane ya gaji wane alhali tare suke zaune a zaure, wani lokacin ma jam'iyyarsu daban. Abin yi shi ne ka ja layi a tsakiyar takarda, kujera ta farko a dama ta biyu a hagu, kowane suna ka sa shekarar shiga da ta fita da jam'iyya, sannan ka bar ɗan fili na dalilin fita, ko faɗuwa zaɓe ko murabus ko rasuwa, saboda zaɓen cike gurbi shi ne yake ɓata lissafi in ba ka kula ba. Wanda ya sauya sheƙa yana kan kujera ma ka nuna.

Wajen tabbatarwa, kundin Hansard da ke ɗauke da muhawarar majalisa zai nuna maka lokacin da aka rantsar da mutum, tsofaffin jaridu kuma suna nan kyauta a rumbun Trove na ɗakin karatun ƙasar. Wikipedia ba laifi a matsayin mafari, amma ni dai ba na yarda da shekara sai na gan ta a wuri biyu.

Sannan ka tambayi su waye ma suke da ikon zaɓe a lokacin, dan a Biktoriya sai a 1950 aka cire sharaɗin mallakar kadara a zaɓen wannan majalisa, mata kuwa ba su samu kujera a cikinta ba sai 1979 da Gracia Baylor ta ci Boronia, Joan Coxsedge ta ci Melbourne ta Yamma. In ka ga jerin farko duk masu hannu da shuni ne maza, dalilin ke nan. Ƙarshen jadawalin kuma ka bi waɗanda suke kai ranar da aka soke mazaɓar, wa ya koma sabon yanki, wa ya sauka majalisar wakilai ta jihar, wa ya ajiye siyasar.