Tsayin ƙofa a ɗaki mai dogon silin

Assalamu alaikum 'yan uwa masu gini a Kumasi. Idan silin ɗinku zai kai ƙafa 10 ko ya wuce, ku tsayar da maganar tsayin ƙofofi tun kafin magini ya zuba kankaren linta, wato wanda ake zubawa a saman ƙofofi da tagogi, domin bayan an zuba, gyara sai da fasa bango. Ƙofar da aka saba, mai kusan ƙafa 7, tana dacewa da silin mai ƙafa 9, amma a ƙarƙashin mai ƙafa 12 sai ta zama kamar gajere cikin babbar riga. A nan ƙafa 8 ta fi kyau. Sai dai doguwar ƙofar katakon odum tana da nauyi, don haka ku ce wa kafinta ya sa hinji huɗu, kuma ku tabbata katakon ya bushe sosai kafin ku saya a kasuwar katako ta Sokoban, don ɗanye yana karkacewa. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya bar ƙofar yadda take, ya buɗe ƙaramar taga a samanta, zafi ma ya samu mafita. Bakan gini, wato mashiga mai lanƙwasasshen sama, da ke tsakanin falo da wurin cin abinci kuwa, a ganina ya ɗara ƙofofin tsayi, amma a bar aƙalla ƙafa ɗaya na bango tsakanin ƙololuwarsa da silin.