Yadda mai bincike zai kare haƙƙin ƙirƙirarsa a jami'ar Amurka, ya kuma tsaya wa dokar Bayh-Dole

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke digiri na uku a jami'o'in Amurka, musamman a fannin magunguna da injiniya da noma, da kuɗin gwamnatin tarayyar ƙasar ake biyan alawus ɗinsu da kayan ɗakin gwaji. Kuɗin kan fito ne daga hukumar binciken lafiya ta NIH, ko gidauniyar kimiyya ta NSF, ko ma'aikatar makamashi, ko ta tsaro. Idan kana cikinsu, duk abin da ka ƙirƙiro da wannan kuɗi yana ƙarƙashin wata doka da shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu ranar 12 ga Disamba, 1980. Sunayen sanatoci biyu take ɗauke da su, Birch Bayh na jihar Indiyana da Bob Dole na Kansas.

Kafin dokar, gwamnati ce ke riƙe mallakar irin wannan ƙirƙira. Ta tara takardun mallaka kusan 28,000, amma waɗanda aka ba kamfanoni lasisinsu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Dalilin a fili yake: babu kamfanin da zai zuba dukiyarsa shekara goma yana gwajin magani alhali ya san ranar da abin ya yi kyau kowa zai iya kwaikwayonsa. Sai dokar ta ce jami'a ta riƙe mallakar, ta nemo mai sarrafawa, ta raba abin da aka samu da wanda ya yi ƙirƙirar, sauran kuma ya koma bincike da koyarwa. Ta wannan hanya fasahar da Google ya tashi a kanta ta fito daga Stanford, maganin emtricitabine kuma, wanda masu ɗauke da cutar HIV suka sha a ƙasashen Afirka, ya fito daga jami'ar Emory. Ina ganin doka ce da ta cancanci a tsaya mata, kuma tsayuwar daga kan teburinka take farawa.

Mataki na farko: nemo takardar da ka sa wa hannu

Ranar da ka kama aiki an ba ka tulin takardu, cikinsu akwai ta miƙa haƙƙin ƙirƙira ga jami'a. Nemo kwafinta ka karanta. Wani mai bincike a Stanford ya taɓa sa hannu cewa ya yarda zai miƙa wa jami'ar duk abin da ya ƙirƙiro. Daga baya ya je kamfanin Cetus koyon wata dabarar gwaji, aka ba shi takardar baƙi mai cewa ya miƙa wa kamfanin haƙƙinsa nan take, ya sa hannu. "Zan miƙa" da "na miƙa" suka kai Stanford da kamfanin Roche, wanda ya gaji harkar daga Cetus, har Kotun Ƙoli. A 2011 kotun ta ce dokar Bayh-Dole ba ta ba jami'a mallaka kai tsaye ba, haƙƙin na mai ƙirƙira ne sai ya miƙa shi, Stanford ta sha kaye. Saboda haka duk takardar da wani kamfani ko wani ɗakin gwaji ya miƙo maka, ko ta karɓar samfur ce, kai ta ofishin lauyoyin jami'a kafin alƙalaminka ya taɓa ta.

Mataki na biyu: riƙe bakinka har a shigar da takarda

A nan aka fi yin asara. Ka ɗauka kana tsaye gaban fostarka, wato allon da ka baje sakamakon bincikenka a kai, a babban taron masana, ka sa kwat, zuciyarka fari ƙal domin shekara uku ka yi kana wannan aiki. Wani ya tsaya ya karanta, ya yi maka tambaya biyu, ya ciro waya ya ɗauki hoton zanen sinadarin da ke tsakiyar fostar, ya yi godiya ya wuce. Bai saci komai ba, kai ka baje. Daga wannan lokaci ƙirƙirarka ta zama abin da duniya ta sani.

Amurka tana ba mai ƙirƙira rangwamen shekara ɗaya bayan ya bayyana abinsa. Turai ba ta ba da irin wannan rangwame, haka ƙasashe da dama: abin da aka riga aka bayyana ba a yi masa rajistar mallaka. Kamfanin da ya ga kasuwar Turai ta kuɓuce yakan ja da baya tun kafin a zauna ciniki. Bayyanawa kuwa ba maƙala a mujalla kaɗai ba ce. Taƙaitaccen bayanin da masu taro kan sa a intanet kafin ranar taro bayyanawa ce, kundin digirin da ɗakin karatu ya buɗe wa jama'a ma haka, har hoton allo da ka sa a WhatsApp ko LinkedIn yana iya zama hujja a kanka.

Maganin abin ba shi da wuya. Wata biyu ko uku kafin taro, je ofishin da ke kula da mallakar fasaha da ba kamfanoni lasisi. Kusan kowace jami'ar bincike tana da shi. Za su iya shigar da takardar neman mallaka ta wucin gadi, wadda ke kama maka layi na wata 12. Tun 16 ga Maris, 2013, wanda ya riga shigar da takarda shi Amurka ke dubawa, ba wanda ya riga tunanin ba. Idan kundinka ne ke ɗauke da sirrin, nemi a jinkirta buɗe shi.

Mataki na uku: cike fom ɗin sanar da ƙirƙira, ka rubuta lambar tallafi daidai

Da ka miƙa fom ɗin, agogo ya fara bugawa. Jami'a tana da wata 2 ta sanar da hukumar da ta ba da kuɗin, ta manhajar iEdison. Tana da shekara 2 daga nan ta ce ta zaɓi riƙe mallakar, sannan shekara 1 ta shigar da takardar nema. A cikin takardar dole a rubuta cewa da tallafin gwamnati aka yi aikin. Idan aka yi sakaci da waɗannan wa'adodi, gwamnati na da ikon karɓe mallakar. Naka aikin shi ne lambar kowane tallafi da ya taɓa binciken, da sunan duk wanda ya sa basirarsa a ainihin ƙirƙirar. Kada a sa sunan shugaban sashe don kara, kada kuma a bar ɗalibi don ƙanƙantarsa. Kuskure a jerin sunayen na iya rusa takardar a kotu.

Mataki na huɗu: sa baki lokacin da ake rubuta lasisi

Dokar ta riga ta ɗaure wasu abubuwa. Gwamnati na da damar amfani da ƙirƙirar kyauta don buƙatunta, ana fifita ƙananan kamfanoni, kuma wanda aka ba lasisi shi kaɗai zai sarrafa yawancin kayan da zai sayar a Amurka cikin Amurka. Abin da ba ta ɗaure ba shi ne makomar mara lafiya a Kano ko Maraɗi. Wannan a tattaunawar lasisi ake yanke shi, kuma ana sauraron mai ƙirƙira a wurin.

A 2001 ɗaliban jami'ar Yale tare da ƙungiyar likitoci ta MSF suka matsa wa jami'ar da kamfanin Bristol-Myers Squibb a kan stavudine, maganin HIV da Yale ke riƙe da mallakarsa. William Prusoff, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano amfanin maganin, ya goyi bayansu a fili. Kamfanin ya janye daga kare mallakar a Afirka ta Kudu, farashi ya faɗi warwas. Da a hannun jami'a abin bai kasance ba, da ɗaliban ba su da ƙofar da za su buga. A 2007 wasu manyan jami'o'i suka fitar da matsaya mai maki tara kan ba da lasisi, na ƙarshe ya shafi buƙatun ƙasashe masu tasowa. Tambayi ofishinku ko jami'arku ta amince da ita, ka nemi a sa sharaɗin sassauci ga ƙasashe matalauta tun a daftarin farko.

Mataki na biyar: fahimci inda ake ja-in-ja

Sashe na 203 na dokar ya ba gwamnati ikon tsoma hannu ta tilasta a ba wani kamfani lasisi, idan wanda ke riƙe da shi ya kwanta a kan fasahar, ko ya kasa biyan buƙatar lafiyar jama'a. An sha kai wa NIH ƙorafi tun 1997, ta ƙi amfani da ikon kowane karo, har da na maganin sankarar prostate ta maza mai suna Xtandi, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelas, a 2016 da 2023. Masu ƙorafin suna da hujja mai nauyi: da harajin Amurkawa aka gano maganin, amma su ake sayar wa da tsada fiye da sauran ƙasashe masu arziki.

A Disambar 2023 hukumar ma'aunai da fasaha ta Amurka, NIST, ta fitar da daftarin da zai bari a duba tsadar kaya wajen tsoma hannu. A Agustan 2025 kuma sakataren kasuwanci Howard Lutnick ya rubuta wa Harvard yana barazanar amfani da ikon a kan takardun mallakar jami'ar.

Ni ina tare da masu cewa kada a sa batun farashi cikin sashen. Bayh da Dole da kansu sun rubuta a jaridar Washington Post a 2002 cewa ba su yi dokar don gwamnati ta ƙayyade farashi ba. NIH ta taɓa gwada sharaɗin farashi mai sauƙi a yarjejeniyoyinta da kamfanoni, ta soke shi a 1995 da ta ga yana korar abokan aiki. Ƙaramin kamfanin da malami da ɗalibinsa suka kafa shi zai fara jin jiki, domin mai zuba jari ba zai sa kuɗi a abin da za a iya ƙwacewa bayan shekara goma ba. Tsadar magani ciwo ne na gaske, a yi masa doka ta kansa.

Mataki na shida: yi magana inda ake ji

Idan hukuma ta fitar da daftari, ana buɗe ƙofar sharhi a shafin regulations.gov, galibi kwana 30 zuwa 60, kuma ba sai ɗan ƙasa ba. Kada ka kwafi wasiƙar da kowa ke aikawa. Rubuta shafi ɗaya: me kuka gano, wace hukuma ta biya, wane kamfani ya karɓi lasisi, mutum nawa yake ɗauka aiki, wane sakin layi na daftarin zai tsayar da aikin. Sanarwar ƙungiyoyin da ke goyon bayan dokar, irin AUTM da COGR da Bayh-Dole Coalition, za ta sanar da kai lokacin da ƙofa ta buɗe.

Don ganin ɗan majalisa, bi ta ofishin hulɗa da gwamnati na jami'arku; suna neman masu bincike da za su iya bayani da harshen da kowa zai gane. Galibi ma'aikacin ofishin ɗan majalisar za ka gani, na 'yan mintoci, don haka tafi da samfur ko hoto da takarda guda. Yi magana da sunanka, ba da sunan jami'a ba sai an ba ka izini, kada ka taɓa kuɗin tallafi wajen wannan zirga-zirga. Idan da bizar karatu kake zaune, doka ta hana ka ba da gudummawar kuɗi ga yaƙin neman zaɓe.

Ranar da ka dawo gida, ka taho da kwafin fom ɗin sanar da ƙirƙira da tsarin rabon kuɗin jami'arku. NOTAP, hukumar Najeriya mai kula da shigo da fasaha da bunƙasa ta, ta buɗe ofisoshin kula da mallakar fasaha a jami'o'in Najeriya da dama, Afirka ta Kudu kuma ta yi tata dokar mai kama da Bayh-Dole tun 2008. Kai takardun ofishin jami'ar da ka sauka, ka tambaya wa ke riƙe da mallakar binciken da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun Najeriya, ta biya.