Yadda ake gano abin da ke ƙona fis a amfilifayar jita mai bawul

Da fitilar gaban amfilifaya ta ƙi kamawa, hannun sabon shiga fis yake nufa. Ya zare, ya ga ya tsinke, ya sa sabo, ya kunna. Ya sake ƙonewa, ya sa na uku. Na taɓa ganin wanda ya cinye fis biyar a zama ɗaya, da haushi ya kama shi sai ya naɗe na shidan da siririyar waya ya mayar. Amfilifayar ta yi ƙara kamar ta warke, bayan minti biyu hayaƙi ya taso daga taransifomar wuta. Garin neman gira an rasa ido, don a duk cikin akwatin nan da wuya ka sami abin da ya kai taransifoma tsada. An sa fis ne ya mutu a madadinta. In ya mutu, akwai abin da ya kashe shi, kuma shi za ka nema.

Ba zan tsaya koya maka riƙe mitar awon wuta ba, na ɗauka ka iya. Amma magana ɗaya sai na faɗa ko da ka sani: a cikin amfilifaya mai bawul (ƙwayayen gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti) akwai wuta bolt 400 zuwa 500, kuma manyan kafasita, masu ajiye wuta, suna riƙe ta ko bayan ka zare fulogi daga bango. Wutar nan tana kisa. Yawancin abin da zan faɗa a farko ana yinsa daga waje, ba sai an buɗe gangar ƙarfen ba. In an kai ga buɗewa, sai ka zare fulogi, ka sauke wutar kafasita ta hanyar rasista (mai rage gudun wuta) mai ɗaukar zafi, ka auna ka ga ta sauko ƙasa da bolt 10. Kada ka sauke ta da bakin sukudireba. In za ka auna da wuta a kunne, hannu ɗaya ke aiki, ɗayan yana aljihu. Wanda bai saba ba ya tsaya a matakan waje, ya kai wa mai gyara sauran.

Fara da karanta gawar fis ɗin

Kada ka yar da shi tukuna. Ɗaga shi ga haske. In gilashin ya yi baƙi ƙirin ko ƙarfe ya fantsama a jikinsa, wuta mai yawa ce ta ratsa shi farat ɗaya, wato akwai shot na gaske, inda wuta ta sami gajeriyar hanya ta kauce wa layinta. In gilashin fes yake, zaren kawai ya tsinke a tsakiya ko ya lanƙwasa, to ko dai nauyi ne ya ɗan yi masa yawa na tsawon lokaci, ko kuma tsufa ne. Fis yana gajiya. Duk kunnawa sai ya sha turin wutar farko, bayan shekaru sai ya saki ba tare da laifin kowa ba. Na tangaran ba a ganin cikinsa, sai da mita. Ko na gilashin ma ka auna, ido yana ƙarya.

Sannan ka duba wane fis ne. Amfilifayoyi da yawa, musamman na Marshall, suna da biyu a baya: na wutar shiga, da wanda aka rubuta HT a kansa, mai tsaron babbar wutar da ke zuwa bawul. In na HT ne ya tafi, fitila za ta kama, bawul za su yi ɗumi, amma ba sauti. Wannan ya rage maka aiki, kusan kullum manyan bawul na ƙarshe ne ko abin da ke kewaye da su. A Marshall mai wat 50 yawanci T500mA ne, mai wat 100 kuma T1A.

Harafin T ɗin nan shi ne mutane ke tsallakewa. T na nufin mai jinkirin ƙonewa, F mai sauri. Amfilifaya mai bawul tana zuƙar wuta da ƙarfi a daƙiƙar farko, lokacin da zaren ɗumama na cikin bawul ke da sanyi kuma kafasita ba komai a cikinsu. Ka sa F inda aka ce T, zai iya ƙonewa alhali lafiyarta lau, ka kwana kana neman ciwon da babu. Ka karanta abin da aka buga a jikin amfilifayar, kada ka kwafi wanda ka tarar a ciki, don ba ka san wa ya sa shi ba. Girma biyu ne aka fi samu, 5 x 20 milimita da 6.3 x 32. Kuma amfilifaya guda in an saita ta a bolt 230 tana ɗaukar fis kusan rabin wanda take ɗauka a bolt 120. Da ka zo nan ka leƙa maɓallin zaɓen wutar, in tana da shi. Ta 120 da aka cusa a 230 ba ta buƙatar wani bincike.

Sabo ɗaya na yarda ka gwada, mai lamba daidai, in tsohon bai yi baƙi ba. Guda ɗaya. Kuma lasifika a jone, kullum.

Yaushe yake ƙonewa?

Wannan tambayar ta fi mita amfani. In da ka taɓa makunni ya tafi, tun kafin bawul su yi ɗumi, ka zargi rektifaya (mai juya wutar AC zuwa DC), ko taransifomar wuta, ko waya da ta goge ta taɓa ƙarfe. In sai bayan daƙiƙa goma zuwa ashirin, lokacin da bawul suka fara jan wuta, to babban bawul ne ko kafasita. In sai ka ɗaga Standby, makunni na biyu mai sakin babbar wuta, matsalar tana gefen babbar wuta. In kuma tana kiɗa lafiya na minti goma ko ashirin sannan ta mutu, ko sai ka ƙure ƙara, to wannan mai wahalar ce, zan dawo kanta.

Ka haɗa wa kanka ƙwan gwaji kafin ka ci gaba. A wurina wannan doka ce. Ƙwan lantarki ne irin na da mai zare, wat 60 zuwa 100, a jera shi a layin wuta ta yadda duk abin da amfilifaya za ta sha sai ya bi ta cikinsa. In lafiya take, ƙwan zai yi wal da ka kunna sannan ya dushe. In akwai shot, zai tsaya da haske sosai, kuma shi zai shanye wutar maimakon fis ko taransifoma. Na LED ba ya wannan aikin. Kayan haɗa shi ba su kai kuɗin fis ɗin da za ka ɓarnatar ba in babu shi. Sai dai ka tuna duk awon da ka yi da ƙwan a layi zai fito ƙasa da gaskiya.

Cire bawul, ka mayar ɗaya bayan ɗaya

Kashe, zare fulogi, bari su huce. Cire manyan bawul duka, ko EL34 ne ko 6L6 ko 6V6 ko EL84, ka sa musu alama don kowa ya koma gidansa. In akwai bawul na rektifaya, irin GZ34 ko 5U4 ko 5Y3, shi ma cire shi. Ƙananan 12AX7 bar su, da ƙyar suke ƙona fis. Kana cirewa kana dubawa: tabon azurfa da ke cikin gilashin in ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ɗin ya gama.

Kunna ta cikin ƙwan. In ya tsaya da haske alhali ba babban bawul ko ɗaya, labarin ba daɗi: taransifoma ce ko wayoyinta, ko kuma dayod (ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai) da kafasita in rektifayarta ta dayod ce. In ya dushe, kashe, mayar da rektifaya kaɗai, sake kunnawa, ka zuba masa ido. Walƙiya a cikin gilashin na nufin shi ne, ko kuma kafasitar da ke bayansa ta yi shot tana jansa. Kada ka daɗe a haka, don babu bawul masu shan wutar, tana hawa sama da yadda kafasita suka saba.

In nan ma lafiya, saura manyan bawul. Mayar da su, rage hasken ɗaki, ka kalli farantin ƙarfe mai launin toka da ke cikin kowanne. Ɗan jan da ke tsakiya na zaren ɗumama ne, ba komai. Ɗan shuɗin haske a jikin gilashi shi ma ba komai. Amma farantin kansa ya fara ja kamar garwashi, kashe nan take. Sai ka musanya musu gida. In jan ya bi bawul, bawul ɗin ne. In ya tsaya a soket ɗin, amfilifayar ce, kuma duk sabon da ka sa a wurin haka za ta dafa shi.

Inda ni na sha kashi

Wata amfilifaya ce mai wat 50, EL34 biyu. Ba ta ƙona fis a kan tebur, ƙwan gwaji na dushewa yadda ake so, ba farantin da ke ja. Sai an ƙure ta ana kiɗa, can sai ka ji tas, shiru. Na ce bawul ne, don sau tari su ne. Na sayi sababbi biyu da aka daidaita, kuma duk wanda ya saya ya san ba araha. Na sa, na saita bayas, wato wutar da ke ƙayyade yawan abin da bawul ke ja, na yi ta murna. Kiɗa na farko mai ƙarfi, tas.

Sai da na zare bawul na haska soket da tocila, na sa gilashin ƙara girma, sannan na gani. Wani siririn baƙin layi, bai fi gashi biyu kauri ba, tsakanin rami na 2 da na 3. Da na kai hanci, warin ƙonannen roba. A soket mai ƙafa takwas na EL34 da 6L6 da 6V6, ƙafa ta 3 ita ce faranti mai babbar wuta, ta 2 kuma ta zaren ɗumama mai bolt 6.3, kusan ƙasa ke nan, wato layin da wutarsa sifili ce. Maƙwabta ne, tazarar 'yan milimita. In ana kiɗa da ƙarfi, wutar faranti tana tsalle ta kusa ninka kanta, kuma in lasifika ya katse ko na ƙiftawar ido, taransifomar sauti tana harba wutar da ta fi haka nesa. Sau ɗaya ta yi tartsatsi ta tsallaka, ta bar gawayi a jikin soket. Gawayi kuwa yana ɗaukar wuta. Daga ranar hanya ta samu, kowane tartsatsi yana ƙara faɗaɗa ta.

Da na bi diddigi, wayar lasifikar ce ke da ciwo a wuyan fulogi, tana kamawa tana saki. Ga shi ma wayar jita ce aka mayar ta lasifika, siririya, ba a yi ta don wannan nauyin ba. Tsofaffin bawul ɗin da na tsarga ba su da laifin komai.

Kada ka kankare gawayin ka ce ka gyara. Na gwada, ya dawo, don ƙunar ta shiga cikin jikin soket ɗin. A canja shi ɗungurum, ni kuma na tangaran nake sawa, ba na ko sauraron wani. Ka duba sama da ƙasa, don wani lokaci layin yana ɓoye a gefen da ake yin dalma. Kuma tartsatsin nan ba ya tafiya shi kaɗai. Auna rasistan sikirin (wata raga ce a cikin bawul) da ke ƙafa ta 4, om 470 a yawancin Fender masu 6L6, om 1,000 a Marshall masu EL34. Yana iya tsagewa ko ya tsinke a ciki alhali fentinsa na nan. In layin ɗumama yana da rasista biyu masu om 100 zuwa ƙasa, su ma duba su, don ta nan wutar ke bi ta tsere, sau da yawa za ka tarar sun zama toka. Haka za ka yi ko da bawul ne ya yi shot da gaske: kafin sabo ya shiga, soket da rasistan sikirin sai an duba.

Sauran a taƙaice

In ja ya tsaya a soket ɗaya, ko duka bawul suna ja, auna bayas a ƙafa ta 5 ba bawul a ciki. Ya kamata ka ga wuta mai alamar ragi, wajen bolt -35 zuwa -55 gwargwadon irin bawul. Ka kula, ta 4 da ke kusa tana ɗauke da ɗaruruwan bolt. In babu komai a duka soket, layin bayas ya mutu, duba dayod ɗinsa da ƙaramar kafasitarsa. In gefe ɗaya ne ya bambanta, kafasitar da ke kawo sauti zuwa wannan ƙafar tana yoyo, ko ramin soket ya saki ba ya kama ƙafar bawul. Masu bayas ta katod (sashen da zaren ɗumama ke zafafawa a cikin bawul), irin Vox AC30 mai EL84 huɗu, lissafinsu daban ne, a can rasistan katod da kafasitarsa za ka auna.

Manyan kafasita da suka kumbura ko suka fitar da farin gari a canja su. Dayod kuwa, irin 1N4007, ka auna kowanne, in ɗaya ya yi shot canja duka, ba su da tsada. Taransifomar wuta ce ta ƙarshe: kwance duk wayoyin fitarta, rufe bakin kowacce, kunna ta cikin ƙwan. In har yanzu yana haske, ta tafi.

Da ka gama gyara, kunna ta cikin ƙwan sau ɗaya, cire shi, saita bayas da cikakkiyar wuta, sannan ka ƙure ta da kiɗa na rabin awa kana kallon bawul ta baya, da wayar lasifika ta gaske.