Yadda za ki gano man da ke tayar miki da fuska

Abin da ke rikita mutane game da aleji na fuska shi ne ba ya zuwa nan take. Kin shafa mai yau, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ki ga ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje, fatar ido ta kumbura, gefen hanci yana saɓa, sai ki ɗora wa sabon sabulun da kika saya laifi alhali man da kike shafawa shekara da shekaru ne, don jiki yana iya daɗewa yana karɓar abu sannan rana ɗaya ya ƙi shi, kuma in ya ƙi to da wuya ya sake karɓa. Wannan daban yake da raɗaɗin da sinadaran gyaran fata irin su retinol ko glycolic acid ke sawa, shi wancan zafi ne da jan fata da kan ragu in kin rage yawan shafawa.

Toh abu na farko, juya robar ki karanta bayanta. Babban mai laifi turare ne, za ki ga an rubuta parfum ko fragrance, kuma kalma ɗayar nan tana iya ɓoye sinadarai da yawa, shi ya sa Tarayyar Turai ta tilasta wa kamfanoni su rubuta sunan wasu daga ciki a fili, irin su linalool, limonene, geraniol da cinnamal. Kar ki yarda da rubutun unscented, wato mara ƙamshi, wani lokaci an zuba wani turaren ne don ya danne warin man, fragrance-free, wato wanda ba a zuba masa turare ba, shi ne abin nema.

Sai sinadaran da ke hana mai lalacewa. Methylisothiazolinone ya yi ɓarna sosai, har ƙungiyar likitocin aleji na fata ta Amurka ta ba shi lambar sinadarin shekara a 2013, Turai kuma ta hana sa shi a mayukan da ake barinsu a fata tun 2017, amma har yanzu ana samun sa a shamfu da sabulun ruwa. Akwai kuma DMDM hydantoin da quaternium-15 da imidazolidinyl urea, waɗannan suna sakin formaldehyde, wani sinadari mai tayar da fata, a hankali cikin man. Lanolin, wato maiƙon gashin tumaki, da propylene glycol da oxybenzone na man kariyar rana su ma suna tayar wa wasu.

Wallahi abin da ya fi ba ni tausayi masu cewa ai nawa na gargajiya ne babu kemikal. Man tea tree da na lavender suna haddasa aleji, musamman in kwalbar ta daɗe a buɗe iska ta shige ta. Kuma ba dole abin ya kasance a fuskar kika shafa ba, jan farce kan kumbura fatar ido saboda sosa ido da hannu, alejin rinin gashi mai sinadarin PPD kan fito a goshi da bayan kunne.

In fuskar ta riga ta tashi, ki ajiye komai, har kwalliya. Ruwa mai ɗan ɗumi da Vaseline zalla sun isa har ta lafa, hakan kan ɗauki sati biyu zuwa huɗu. Don Allah kar ki ɗauko man bilicin ko wani mai ɗauke da clobetasol, wato wani maganin fata mai ƙarfi, ki lafta, zai kwantar da ƙaiƙayin kwana biyu amma yana sa fatar fuska ta yi siriri, kina dainawa kuma ta dawo fiye da da. In leɓe ko harshe ya kumbura ko numfashi ya fara wahala, wannan asibiti ne kai tsaye ba jira.

Bayan ta warke sai ki dawo da kayan ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne ki fara gwada shi a hannu. Ki shafa kamar faɗin kwabo a cikin lanƙwasar gwiwar hannu, safe da dare, wuri ɗaya kullum, kwana 7 zuwa 10. In abin wankewa ne ki bar shi kamar minti biyar sannan ki ɗauraye. Kika ga ja ko ƙaiƙayi ko ƙuraje to ki ɗauki hoton bayan robar, in mai biyu suka tayar miki ki haɗa hotunan ki duba sunan da ya fito a duka biyun.

In abin yana ta dawowa ki je wurin likitan fata ya yi miki gwajin da ake manna sinadarai a gadon baya, ana cirewa bayan awa 48 a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Ki tafi da duk mayukanki a jaka, har shamfu da jan farcen.