Yadda Ake Gwada Motsin Ƙafa da Jijiyoyinsa

1. Kwantar da majiyyaci rigingine. Duk abin da ka gwada a dama, maimaita a hagu.
2. Ya ɗaga cinya kana dannewa: saiwoyin jijiya L1 da L2 ke wannan aikin (L na nufin ƙashin baya na wajen ƙugu, lambar kuma gaɓar da jijiyar ke fitowa).
3. Ya miƙe gwiwa kana turewa, aikin jijiyar fimoral ta gaban cinya ke nan, L3 da L4. Lanƙwasa ta kuwa aikin jijiyar sayatik ta bayan cinya ne.
4. Ya ɗago tafin ƙafa sama: L4 da L5. Nan ne wurin natsuwa. In ƙafar ta langaɓe tana jan ƙasa, lalubi gefen gwiwa ta waje, inda jijiyar feroniyal ke zagaye ƙashi, don ɗaurin karaya mai tsauri kan matse ta.
5. Ya taka hannunka kamar totur: S1 (S na nufin ƙashin baya da ke ƙasa da L5), jijiyar tibiyal ta bayan ƙwauri.
6. Rubuta ƙarfin kowane motsi, daga 0 (babu motsi) zuwa 5 (cikakken ƙarfi).