Yadda Ake Samo Kayan Gyara da Saita Teburi Mai Zamewa na Injin Yankan Katako

Teburi mai zamewa shi ne ƙarin da ake ɗaurawa a gefen hagu na injin zarto domin a ɗora faffaɗan katako a kansa, a tura shi gaba ɗaya ya wuce ta gefen zarton. Da shi ne kafinta ke iya yanka filawud mai tsawon milimita 2440 da faɗin 1220 ba tare da ya ja mutum biyu sun riƙe masa ba. Akasarin injunan da ke shigowa shagunan kafintocinmu na hannu ne, wato an riga an yi amfani da su, kuma sau da yawa kamfanin da ya ƙera teburin ya daina yin irinsa, kamar yadda ya faru da injin zarto na Ryobi BT3000. Wannan kan sa a jingine teburin a lungu ya yi ta tara ƙura, alhali mafi yawan abin da ke lalacewa a jikinsa kaya ne na gama-gari da ake samu a kasuwa, muddin an san lambarsu da awonsu.

Kafin a taɓa komai sai a zare wayar injin daga soket. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, musamman a inda wuta ke ɗaukewa ta dawo ba sallama, domin duk aikin nan ana yin sa ne hannu na kusa da haƙoran zarto.

Mataki na farko wanki ne. A cire teburin daga kan dogonsa, wato ƙarfen da yake zamewa a kai, a goge dogon da kananzir da tsumma har sai ƙaƙan katako da garin da ya daskare sun fita, sa'annan a kankare tsatsa da sanfefa mai laushi ƙwarai. Tebur da yawa da ake zaton ya lalace datti ne kawai ya riƙe shi. Bayan haka a juya kowane boris da yatsa. Wanda ya juya sumul lafiyarsa ƙalau, amma wanda aka ji yana gurzawa kamar da yashi a cikinsa, ko yana girgiɗi a kan ƙusarsa, ya ƙare. A kuma ɗora doguwar rula ta ƙarfe a kan dogon a duba ko haske na ratsawa ta ƙarƙashi, saboda dogon da ya lanƙwashe babu saitin da zai gyara shi.

Wajen sayen boris, lambar da ke jikinsa ita ce abin dogaro, ba sunan injin ba. Boris mai lamba 608 raminsa milimita 8 ne, faɗinsa 22, kaurinsa 7. Mai lamba 6200 yana da 10 da 30 da 9, shi kuwa 6201 yana da 12 da 32 da 10, sai 6202 mai 15 da 35 da 11. Idan lambar ta goge, a auna waɗannan wurare uku da ma'aunin baniya, wato ma'auni mai baki biyu da ke auna kauri da faɗin rami, a kai wa mai sayarwa, ko kuma a tafi da tsohon a hannu, wanda shi ya fi. Haruffan da ke bin lambar su ma suna da muhimmanci: ZZ murfin ƙarfe ne, 2RS kuma murfin roba ne a gefe biyu. A shagon da garin katako ke tashi dukan yini, ga kuma ƙurar hunturu, na roba ne ya dace. Ana samun na kamfanonin SKF da NSK da NTN a wurin masu kayan gyaran mota da injuna, irin su kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, sai dai jabu ya yi yawa, don haka arha mai yawa abin tuhuma ce. A sauya dukan boris ɗin a lokaci guda, domin sabo ɗaya a tsakanin tsofaffi uku yakan sa teburin ya karkata.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen noti. Injunan Turai irin su Robland na Beljiyam, SCM na Italiya da Felder na Ostiriya suna amfani da awon milimita, amma waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka da Kanada sukan zo da awon inci. Notin M8 da na inci 5/16 kusan kaurinsu ɗaya a ido, sai dai tazarar zaren na farko milimita 1.25 ce, na biyun kuwa kimanin 1.41. Zai shiga zagaye biyu ko uku lami lafiya, daga nan ya cije, kuma duk wanda ya sa sufana ya matsa ya cinye zaren ramin ke nan, musamman idan jikin na alminiyam ne. Ƙa'idar ita ce a fara shigar da kowane noti da yatsa, idan ya ƙi a dakata. Abin da ba a samu a kanti, kamar notin nan mai karkatacciyar cibiya da ake matse boris da shi a jikin dogo, sai a kai samfurinsa wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar da irinsa.

Idan an harhaɗa, sai saiti, kuma jerinsa ba ya sauyawa: tsayi, sa'annan daidaito da zarto, sa'annan kusurwa. Wanda ya fara da kusurwa zai sake ta, domin gyaran tsayi ko na daidaito yana rusa saitin kusurwa. Da fari a juya notin mai karkatacciyar cibiya har girgiɗi ya ɓace amma teburin na tafiya da turin yatsa biyu. Daga nan a shimfiɗa rula ta ratsa teburin da saman injin. Ana so teburin ya ɗara saman injin da ɗan kaɗan, tsakanin milimita 0.1 da 0.3, don kada katako ya riƙa gogar ƙarfe. Fallen takardar rubutu kaurinsa kusan milimita 0.1 ne, saboda haka falle ɗaya ko biyu a ƙarƙashin rular ya isa ma'auni. A duba wannan teburin yana farkon tafiyarsa, yana tsakiya, yana kuma ƙarshe, a gyara ƙafafun tallafi idan ya sunkuya a wani wuri.

Don daidaita tafiyar teburin da zarto, a ɗaga zarton sama, a yi wa haƙori ɗaya alama da alli. A ɗaure agogon awo mai allura a kan teburin, ko ɗan katako mai sukuru a bakinsa, a taɓa haƙorin yana gaba. Sai a juya zarton da hannu haƙorin ya koma baya, a tura teburin a sake taɓa shi. Haƙori ɗaya ake bi domin zarton kansa yakan ɗan karkace. Bambancin kada ya wuce milimita 0.1, kuma ya kasance teburin yana ɗan nisantar zarton ne ta baya. In ya kasance akasin haka, haƙoran baya za su riƙa ƙona gefen katako, har ma su iya ɗaga shi su wurgo wa mai aiki.

Kusurwar majinginar katako kuwa, wato sandar da ke kan teburin da ake jingina katako da ita, sukwaya ba ta isa ta nuna ƙaramin kuskure ba, shi ya sa ake gwajin yanka biyar. A mayar da wuƙar da ke bayan zarto da murfinsa, a jona wuta, a samo filawud mai kimanin milimita 600 kowane gefe. A yanke gefe ɗaya, a juya allon ta yadda gefen da aka yanka zai jingina da majingina, a sake yanka, a ci gaba da haka har sau huɗu. A karo na biyar a fitar da siririn yanki mai faɗin kamar santimita 2 daga gefen farko, a auna faɗinsa a kai da gindi. Kuskuren ya ninka sau huɗu a jikin yankin, don haka idan bambancin ya kai milimita 0.8, ainihin kuskuren 0.2 ne a tsawon 600. Idan daga inda majinginar ke juyawa zuwa notin saitinta milimita 900 ne, za a matsar da ita da 0.3. A yi hakan da fila-geji irin na makanikai, a sake gwajin, in bambancin ya ƙaru an matsar ta gefen da ba shi ba ne.

Kada a shafa giris ko baƙin mai a kan dogo, domin garin katako zai manne ya zama laka mai cin ƙarfe. Busasshen feshi na PTFE, wato Teflon, ko ɗan kakin goge katako ya wadatar, a kuma guji mai silikon, wanda ke hana fenti da baniish kama katako. Duk lokacin da aka matsar da injin daga wurinsa, ko da taku biyu ne a kan daɓen siminti, sai a sake duba tsayi da ƙafafun tallafi kafin a ɗora aikin mutane.